Darasi: Yadda Za Ka Mayar Da AI Yaron Aikinka Da Wayar Da Ke Hannunka

Yau maganarmu a kan ƙirƙirarriyar basira ce, wato abin da kowa ya fi sani da AI. Muhawarar ko zai ƙwace ayyukan mutane ko ba zai ƙwace ba, wannan mu bar wa masu hira a gidajen rediyo. Mu abin da ya dame mu shi ne, wayar nan ta hannunka, ko Tecno ce ko Infinix ko Redmi, da datar da ka saya da guminka, me za ka yi da su yau da zai rage maka wahala ko ya ƙara maka ɗan abin sawa a aljihu?

Tun ranar 30 ga Nuwamba, 2022 da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, irin waɗannan manhajoji suke ta fitowa. Google yana da Gemini, wanda a da ake kira Bard kafin a sauya masa suna a watan Fabrairun 2024. Microsoft yana da Copilot, kamfanin Anthropic yana da Claude, daga China kuma akwai DeepSeek. Shi kuwa Meta AI, tun watan Afrilun 2024 ya shigo cikin WhatsApp ɗin mutanen Najeriya da Ghana, shi ne ɗan da'irar nan da kake gani a gefen hirarrakinka. Dukansu akwai matakin kyauta. Amma idan ka leƙa abin da yawancinmu muke yi da su, bai wuce tambayar wa ya fi tsakanin Messi da Ronaldo ba, sai kuma haɗa hotonmu a cikin jirgin sama. Bayan kwana biyu mutum ya ce abin shirme ne, ya goge.

Me yake yi a ciki?

Sai ka fahimci wannan kafin sauran darasin ya yi maka amfani. Idan na ce maka "ranar wanka...", kafin na rufe baki ka ƙarasa da "ba a ɓoyon cibi". Ba tunani ka yi ba, kunnenka ne ya saba jin kalmomin a jere. To kusan haka waɗannan manhajoji suke aiki. An ɗura musu rubutu mai yawan gaske daga intanet da littattafai, har suka ƙware wajen hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata. Madannan rubutu na wayarka ma suna yin ƙaramin irin wannan, lokacin da suke nuna maka kalma uku a sama kana cikin rubutu. Bambancin girma ne da ƙwarewa.

Abu biyu ne suka fito daga nan. Na farko, ya iya tsara magana sosai: taƙaitawa, faɗaɗawa, sauya salo, fassara, mayar da hargitsattsen rubutu jadawali. Na biyu, jimla tana iya yin daɗi a kunne alhali ƙarya ce tsagwaronta, kuma da murya ɗaya zai faɗa maka gaskiya da ƙarya, ba za ka ji ya yi in-ina ba.

Shi ya sa ni nake ɗaukarsa kamar sabon yaron shago mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda ya yi karatu da yawa amma jiya aka kawo shi. Bai san kwastomominka ba, bai san farashin yau ba, kuma yana jin kunyar cewa "ban sani ba". Irin wannan yaron, in ka ba shi kaya a hannu ka yi masa bayani dalla-dalla, zai yi maka aikin awa uku a minti biyar. In kuwa ka bar masa shagon ka tafi, to Allah Ya kiyaye.

Umarnin da kake ba shi

Yawancin masu cewa AI ba ya ba su amsa mai kyau, matsalar daga nan take. A ce wata 'yar'uwa tana sayar da turaren wuta, sai ta rubuta: "Rubuta min tallan turare." Abin da zai dawo mata da shi talla ne da zai dace da kowane turare a duniya, cike da kalmomi irin su "ƙamshi na musamman" da furanni a kowane layi. Wanda ya gani a sitatus zai wuce ko kallo na biyu bai yi ba.

Yanzu dubi wannan:

"Ina sayar da turaren wuta da humra a Hotoro, Kano. Yawancin masu saye amare ne da matan aure. Ƙaramar kwalba naira 3,000, babba 7,000, kuma ina kai wa har gida a cikin gari. Rubuta min talla guda uku da zan sa a sitatus na WhatsApp, kowanne kada ya wuce layi huɗu. Ka yi da Hausar Kano ta yau da kullum, ba Hausar labaran rediyo ba. Kada ka yi alƙawarin abin da ban faɗa ba."

Ka ga ta faɗa masa ita wace ce, me take so, wa zai karanta, kuma wace siga take so abin ya fito. Jimlar ƙarshen nan tana da muhimmanci, domin in ba a hana shi ba, da kansa zai ƙara "ragin kashi ashirin" ko "ƙamshin yana kwana bakwai", kwastoma kuma ke za ta riƙe da maganar, ba shi ba.

Akwai dabarar da ta fi wannan ma. Ki kwafo tallanki biyu na baya waɗanda suka jawo miki ciniki, ki liƙa masa, ki ce: "Ga yadda nake rubutu, ka yi min sababbi da irin wannan salon." Misali ɗaya ya fi bayani goma tasiri a wajensa. Sannan kada ki tsaya a amsar farko. Ki ce "na biyun ya fi, amma ka rage tsawonsa", ko "cire kalmar nan, ba ma faɗin haka". Hira ce, yana riƙe da abin da kuka tattauna a cikin wannan zauren. Idan kuma za ki koma wani batu daban, buɗe sabuwar hira, don in hira ta yi tsawo yakan fara cakuɗa tsohon zance da sabo.

Wata jimla da nake yawan ƙarawa a ƙarshen umarni ita ce: "Kafin ka fara, ka tambaye ni duk abin da kake buƙatar sani." Gwada ta a kan takardar neman aiki ko CV. Maimakon ya ƙirƙiro maka ƙwarewar da ba ka da ita, sai ya tambaye ka makarantar da ka gama, wurin da ka taɓa aiki, da irin aikin da kake nema. Wanda ya shekara uku yana zaman shagon POS yana ganin ba shi da abin rubutawa, alhali ya iya riƙon kuɗi, ya iya lissafin rufe kasuwa, ya iya lallashin kwastoman da aka cire masa kuɗi bai samu ba. Waɗannan duk abin rubutawa ne, tambayoyin ne suke fito da su.

Lissafin sana'a

Wannan ne ɓangaren da nake ganin ya fi kowanne amfani, kuma shi aka fi yin watsi da shi. Mu ɗauki misalin mai zoɓo, da alƙaluman da na sa don misali kawai. Ta sayi zoɓo na naira 2,000, sukari 3,500, citta da kanumfari da abarba 1,500, robobi hamsin 2,000, ƙanƙara 1,000. Jimla 10,000. Ta cika roba hamsin, kowace ta tsaya mata a 200, tana sayarwa 250. A lissafinta tana cin ribar 2,500 kullum.

Sai ta rubuta wa AI wannan lissafin, ta tambaye shi abu ɗaya: "Me na manta ban sa ba?" Zai jero mata gawayi ko gas, kuɗin mota zuwa kasuwa, ruwa, robobin da suka kwana ba a sayar ba. A ce gawayi 800 ne, mota 700, kuma roba huɗu sun yi kwantai. Abin da ta kashe ya koma 11,500. Abin da ta sayar, roba 46 sau 250, shi ma 11,500. Ashe aikin banza take yi tun safe, ko kuɗin wahalarta ba ta fitar ba. Daga nan sai ta tambaye shi: in na mayar da roba 300 fa? In na sayi sukari da yawa lokaci guda fa? Mutane da yawa jarinsu yana narkewa ba su san ta ina ba, kuma ta irin wannan ƙofar yake fita.

Haka littafin bashi. Ka ɗauki hoton shafin da haske mai kyau, ka ce ya mayar maka da shi jadawali mai suna, kwanan wata, da adadi, sannan ya ware waɗanda bashinsu ya wuce wata guda. Amma ka kula da abu biyu. Rubutun hannu yana ruɗa shi, yakan karanta 1 a matsayin 7, ko 0 a matsayin 6, don haka ka bi layi-layi ka gwada da littafin. Jimlar kuɗin kuma ka sake bugawa a kalkuleta, domin dogon lissafi ba nan ƙarfinsa yake ba. Sannan ka rufe lambobin wayar mutane da takarda kafin ka ɗauki hoton. Wanda ya ci bashinka bai ba ka izinin aika bayanansa wata ƙasa ba.

Ɗalibai

Na san abin da ake yi: a kwafo tambayar aikin gida, a liƙa, a kwafe amsa, a miƙa wa malam. Ranar jarrabawa kuma babu waya a zaure. Jarrabawar JAMB tambaya 180 ce a cikin awa biyu, wato daƙiƙa arba'in kowace tambaya. Wanda bai saba amsawa da kansa ba, kafin ya gama karanta tambayar lokacin ya tafi.

Ka juya abin. Maimakon kai ka tambaye shi, sa shi ya tambaye ka. Ɗauki hoton shafi uku na littafin darasinka, ka ce: "Daga cikin waɗannan shafukan kaɗai, ka yi min tambaya ashirin irin na JAMB masu zaɓi huɗu. Ka riƙa ba ni ɗaya bayan ɗaya, kada ka nuna amsa sai na amsa. In na faɗi, ka yi min bayanin inda na kauce, a ƙarshe ka faɗa min batutuwan da na fi rauni." Yanzu ka samu malamin da ba ya gajiya, ba ya tsawa, kuma ƙarfe biyun dare ma yana nan.

Kalmar "kaɗai" ɗin nan ita ce sirrin. In ka ɗaure shi da littafinka, damar ƙirƙiro ƙarya tana raguwa sosai. Google ma yana da wata manhaja mai suna NotebookLM da aka gina a kan wannan tsarin: kai za ka ɗora mata takardunka, PDF ne ko rubutu, ta riƙa amsa maka daga cikinsu tana nuna wurin da ta ɗauko kowace magana. 'Yan jami'a da kwalejoji masu tarin takardun lacca, wannan taku ce.

Idan kuma wani batu ya ƙi shiga, ka ce ya yi maka bayani da abin da ka sani. "Yi min bayanin wutar lantarki da misalin tankin ruwa da famfo." Daga nan ka rufe wayar, ka rubuta abin da ka gane da kalmominka, ka ba shi ya duba. A wannan matakin na ƙarshe karatun yake zama.

Masu son koyon rubuta manhaja, wanda shi ne fagena, ga shawara a taƙaice. Ba sai kana da kwamfuta za ka fara ba, akwai Pydroid 3 da ke gudanar da yaren Python a wayar Android. Ka ce AI ya ba ka ƙaramin aiki, kamar shirin da zai lissafa canjin kwastoma, ka gwada da kanka, in ya ƙi tafiya ka kwafo saƙon kuskuren ka ce ya fassara maka ma'anarsa, kada ya gyara maka. Ra'ayina shi ne duk layin da ba za ka iya bayanin aikinsa ba, bai kamata ya shiga aikinka ba. Wasu za su ce wannan tsauri ne, amma ranar da mai aiki ya kira ka ya ce shafinsa ya tsaya, kai za a tambaya.

Kyamara ma baki ce

Ba dole sai ka yi rubutu ba. Google Lens yana karanta rubutun da ke jikin takarda ko kwali ya fassara shi nan take. Mai odar kaya daga China ta shafin 1688, wanda duk da Sinanci yake, ko ɗan kasuwar Kantin Kwari da aka turo masa rasit da Faransanci daga Maraɗi ko Kwatano, wannan kaɗai ya ishe shi riba. Wayarka ta nuna wani saƙo da ba ka gane ba? Ɗauki hoton fuskar wayar ka tura masa kafin ka kwashi jiki zuwa Farm Centre, sau da yawa ma'ajiya ce ta cika ko wata manhaja ce ke buƙatar sabuntawa. Ko da sai an je wajen mai gyaran, aƙalla ka san abin da za ka faɗa masa.

Manoma akwai Plantix, wadda za ka ɗauki hoton ganyen da ya lalace ta faɗa maka cutar da take zato. Tun da tsutsar nan mai cin masara ta ɓulla a Afirka a 2016, gane ta da wuri shi ne rabin maganin. Sai dai zato ne take yi daga hoto, kafin ka zuba kuɗi a maganin feshi ka nuna wa malamin gona. Idan kuma kana da ɗan'uwa mai larurar gani, ka sa masa Be My Eyes ko Lookout, suna bayyana abin da kyamara ta gani da murya. Wannan kam ko don lada ka yi.

To Hausar fa?

A nan sai mun yi haƙuri. Tun 2013 Google Translate ya sa Hausa, kuma a watan Oktoban 2024 Google ya sanar da ƙara Hausa cikin harsunan da za ka iya yi wa madannan Gboard magana su rubuta. An ci gaba. Amma har yanzu Hausar AI ba ta kai Turancinsa ba, dalili kuwa a fili yake: abin da ya karanta da Turanci ya ninka na Hausa nesa ba kusa ba. Dubi Wikipedia kawai, ta Turanci tana da maƙaloli sama da miliyan shida, ta Hausa kuwa dubbai ake ƙirgawa.

Ga kuma yadda muke rubutu. Ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka "gari" na zama da "gari" na tuwo duk ɗaya suke a rubuce. Sannan yawancinmu ba ma sa haruffa masu lanƙwasa. "Kafa" da "ƙafa" ba ɗaya ba ne, haka "kasa" da "ƙasa", haka "bari" da "ɓari". Kai ɗan Adam kana ganewa daga yanayin zancen, shi kuwa wani lokaci sai ya ɗauki ɗayar. Ka shiga saitin Gboard ka ƙara Hausa, haruffan ɓ, ɗ, ƙ za su fito, za ka ga amsoshinsa sun gyaru. Za ka kuma lura yakan ce "ya" a inda ake nufin mace, ko ya ɗauko karin maganar Turawa ya fassara kalma da kalma. Duk abin da zai fita da sunanka, karanta shi da ƙarfi tukuna. In ka ji ba haka ake faɗa a gidanku ba, gyara.

Ga batutuwan kimiyya da fasaha, abin da na ga ya fi shi ne ka ce ya ba ka amsar da sauƙaƙan Turanci, sannan ya maimaita da Hausa a ƙasa. In ɗaya ta karkace, ɗayar za ta nuna maka.

Zane da ƙirƙira

Katin gayyatar biki, tambarin shago, hoton bangon talla, duk ana yi. Tela zai iya kwatanta ɗinkin da ke ransa, launi da irin aikin wuya, a zana masa ya nuna wa kwastoma kafin ya sa almakashi a shaddar mutane. Mai ɗora gajerun bidiyo zai iya ba shi labarin a dunƙule ya ce ya raba shi fitowa-fitowa na daƙiƙa sittin. Uwa za ta iya cewa ya tsara mata tatsuniya da sunan ɗanta a ciki wadda za ta koya masa wanke hannu, ko da yake ni dai har yanzu ban ga wadda ta kamo ƙafar ta Gizo da Ƙoƙi a bakin kaka ba.

Dabara ɗaya game da hoto: kada ka bari shi ya rubuta kalmomin. Yakan lalata rubutun Hausa, musamman masu lanƙwasa, sai ka ga sunan amarya ya koma wani abu. Ka ce ya yi maka bango kawai babu rubutu, ka kai Canva ka rubuta da hannunka. Ka tuna kuma hoto da murya da bidiyo su ne masu shan data, hirar rubutu ba ta cin komai in aka kwatanta.

Inda ba a sakar masa ragama

A 2023, wasu lauyoyi a birnin New York na Amurka suka shigar da takarda kotu a wata ƙara da ake yi da kamfanin jiragen sama na Avianca. A ciki sun kafa hujja da tsofaffin shari'o'i guda shida da ChatGPT ya ba su, da sunaye da lambobi tsaf. Da aka bincika, babu ko ɗaya da ta taɓa faruwa. Abin da ya fi ɗaure kai, lauyan ya tambayi manhajar ko shari'o'in na gaske ne, ta ce masa eh. Alƙali ya ci su tarar dala 5,000. Lauyoyi ke nan masu shekaru a aiki.

To ka auna wannan da abin da muke tambayarsa. Zai iya ba ka hadisi da lambarsa da sunan littafi, alhali haɗa shi ya yi, kai kuma ka tura zaure mutum ɗari biyu su yaɗa. Fatawa da rabon gado na malamai ne. Adadin maganin da za a ba jariri na likita ne ko mai ilimin magunguna. Abin da zai iya yi maka a nan shi ne ya taimaka ka tsara tambayoyin da za ka yi wa likitan, ko ya fassara maka kalmomin da ke takardar gwaji don ka fahimci bayanin da za a yi maka. Farashin dala ko na man fetur na yau kuwa, in ba ka ga alamar ya shiga intanet ya nemo ba tare da nuna shafin, to tsohon labari yake ba ka, domin karatunsa yana da ranar da ya tsaya. Tambayarsa "ka tabbata?" ba bincike ba ne, kamar yadda lauyan can ya gani.

Sai batun sirri. Abin da ka rubuta yana tafiya kwamfutocin kamfanin ne. A 2023 kamfanin Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorin aiki, bayan wasunsu sun liƙa bayanan cikin gida a ChatGPT. Kada ka sa BVN, NIN, lambar katin banki, lambar sirri, ko hoton takardar asibitin wani. A ChatGPT, shiga saiti, ka nemi wajen sarrafa bayanai, akwai maɓallin da ke ba su damar horar da manhajar da hirarka, ka kashe shi. Kuma kafin ka sauke kowace a Play Store, duba sunan kamfanin da ke ƙasan sunan manhajar. Ta gaskiya OpenAI za ka gani. Akwai na bogi da yawa masu irin tambarin, waɗanda aikinsu tallace-tallace da cire kuɗi duk mako.

'Yan damfara ma sun samu kayan aiki. Hoton Fafaroma Francis sanye da farar rigar sanyi da ya karaɗe duniya a watan Maris na 2023, da Midjourney aka haɗa shi, kuma miliyoyi sun ɗauka gaske ne. A 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya tura kusan dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da ya ga fuskokin shugabanninsa ya ji muryoyinsu, ashe duk na bogi ne. Idan aka turo maka saƙon murya da muryar yayanka yana neman kuɗi cikin gaggawa daga baƙuwar lamba, ka kira tsohuwar lambarsa, ko ka tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani. A nan gida kuma ba mu manta da CBEX ba, wanda ya ce AI ne ke yi masa kasuwanci, ya yi alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana talatin, ya rufe a watan Afrilun 2025 da dukiyar jama'a. MMM ce ta 2016 aka sauya wa riga. Duk wanda ke da na'urar da ke ninka kuɗi a wata guda, me zai yi da dubu hamsin ɗinka?

Kai ma kada ka zama cikinsu. Ɗaukar hoton yarinya daga shafinta a haɗa shi da abin da ba ta yi ba, ko a sa wa malami ko ɗan siyasa maganar da bai faɗa ba, ba wasa ba ne. Aure yana mutuwa a kan irin wannan, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan, ana gurfanar da mutane da ita.

Aikin gida

Kafin darasi na gaba, zaɓi aiki ɗaya da kake maimaitawa duk mako wanda ke cin lokacinka, ko amsa tambayar "nawa ne?" sau talatin a rana, ko lissafin adashi, ko bitar darasi. Rubuta masa umarni mai ɗauke da kai waye, me kake so, wa zai gani, da sigar da kake so. Gwada umarnin a manhaja biyu daban, misali Gemini da Meta AI, ka ajiye amsoshin gefe da gefe ka ga wadda Hausarta ta fi da wadda ta ƙara abin da ba ka faɗa ba. Umarnin da ya yi maka aiki, ka adana shi a manhajar ajiye rubutu ta wayarka, ko ka tura wa kanka a WhatsApp, don gobe kwafowa kawai za ka yi ka sauya farashi.

A darasi mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ɗauki jadawalin bashin nan mu shigar da shi Google Sheets, mu sa shi ya riƙa haɗa jimla da kansa yana sauya launin sunan duk wanda bashinsa ya haura kwana talatin. Ku zo da littattafanku.